Huji na Shida

Babana mai gyaran famfo ne, ya shekara arba'in da biyu yana yi, kuma a duk tsawon shekarun nan famfon gidanmu bai taɓa daina ɗiga ba. Tun ina goye Inna ta tara masa roba a ƙasa, robar ta tsufa ta fashe, aka sake wata. In ta yi magana sai ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuma ta ce sani kam an sani, gyaran ne ba a gani ba. Amma ba don famfo mutanen layinmu suke tuna shi ba. Suna tuna shi ne a matsayin mutumin da ya hana su baccin rana kusan shekara talatin, kuma har yau bai ba kowa haƙuri ba.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan benen da muke zaune, tsakanin mai wanki da kafinta. A ciki akwai benci, da akwatin sifanu, da ƙaramin risho, da wani tsohon bokitin fenti da yake zuba guntayen bututun roba waɗanda suka rage bayan an gama aiki. Duk mai famfon da hankalinsa yake jikinsa zubar da su yake yi. Babana sarewa yake yi da su. Ya yanki bututu kamar kamu ɗaya, ya toshe bakin da guntun katako, ya fere 'yar taga a ƙasan bakin, ya busa ya ji, sannan ya miƙa wa duk yaron da ya fi daɗewa tsaye a bakin ƙofa yana kallonsa.

Kada wani ya ɗauka gwani ne. Waƙa huɗu ya iya busawa, uku daga cikinsu kuwa in ba shi ya rantse maka ba, cewa za ka yi ɗaya ce. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Na sha ganinsa a gidan mutane ya kafa sukudireba a jikin bango, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya rufe ido, sannan ya nuna wuri ya ce a fasa nan. Ana fasawa sai ga ruwa. Ya ce tun yana koyon aiki, in ya hura bututu don ya fitar da ƙasa sai ya tsaya yana sauraron kukan da ya yi, maigidansa kuwa ya bi shi da ranƙwashi. A makarantar da ya yi aji huɗu akwai sarewa guda ɗaya tak, a kulle a kabad, ana fito da ita in baƙi sun zo a nuna musu, a mayar. Shekara huɗu ya yi yana kallonta ta gilashi. Iyakar bayanin da ya taɓa yi mana ke nan, Inna kuwa ta ce ai da malaman nan sun san abin da suke jawo mana, da sun ba shi ya busa ya huce.

Ga yadda tsarin nasa yake. Sarewar da yake ba yaro ba ta da huji ko ɗaya, don haka murya ɗaya take fitarwa. Yaro zai tafi da ita ya yi ta busawa, sai ranar da ya iya riƙe muryar nan ba rawa ba tsinkewa har Baba ya ƙirga goma, sannan a kunna risho. Ya kama ƙusa da filaya, ya gasa ta har ta yi ja, ya ɗora yatsan yaron a jikin bututun, ya matsa da shi kaɗan, ya yi alama, sannan ya huda. Warin ƙonanniyar roba ya cika shago. Huji ɗaya, murya biyu, a je a koyo a dawo. Haka ake bi ɗaya bayan ɗaya, kowane huji da gwajinsa.

To ku ƙiyasta yara ashirin a layi ɗaya, kowanne da sarewa mai murya ɗaya, kowanne ya ɗaura aniyar sai ya kai goma, kuma duk an taso su daga makaranta lokaci guda. Wani direban bas da ke saman benenmu, wanda yake dawowa da rana ya ɗan miƙe, shi ya fara gajiya. Ya sauko ba ko takalmi, ya tsaya a ƙofar shago.

"Mai Famfo, don girman Allah me muka yi maka?"

"Lafiya?" in ji Baba, yana goge sifana.

"Ina lafiya! Tun ƙarfe biyu abu ɗaya nake ji, tuuu, tuuu. Ka huda musu duka mana, ko waƙa ce mu ji, mu san abin da yake kashe mu."

"In na huda shida yau, gobe a kwata za ka tsince ta. Wanda aka ba duka ba ya dawowa."

"To ai abin da muke roƙo ke nan!"

Baba ya yi kunnen uwar shegu da shi. Bayan wata biyu ɗan direban ya kai huji na uku, sai ga direban nan da kansa yana tare fasinja da labarin cewa yaronsa fa yana da baiwa, kuma a wajensa ya gado.

Ni ce 'yarsa ta fari. Tun ina aji biyu ya laƙaba mini Hedimasta, don nakan jera ƙannena a tsakar ɗaki in kira sunayensu daga littafi, wanda bai amsa da wuri ba in rubuta bai zo ba. Ina shekara goma na karɓi tawa sarewar. A ranar na ja layi da rula a bayan littafin lissafi na yi jadawali: minti talatin kullum, bayan aikin gida, a kan bencin shago, a gaban Baba, don wahalar da ba shaida ni a wajena asara ce. Cikin wata huɗu na samu huji biyar. Ba wanda ya taɓa yin wannan saurin a layinmu, kuma na tabbatar ba wanda ya rasa jin labarin.

Sai na zo kan na shida. Na ɗaya zuwa na biyar kowa ya san gwajinsu, na shida ba shi da gwaji. In ka tambaya sai Baba ya ce, "Ba a tambayar na shida." Wani ya samu cikin mako, wani ya shekara, wani har ya bar layin bai samu ba. Ni kuwa na ce ai jarrabawa ko ta ɓoye jarrabawa ce. Na haddace waƙoƙinsa huɗu, har na iya bambanta ukun nan da shi kansa yake cakuɗawa. Kullum in zauna in busa su daga farko zuwa ƙarshe, in sauke sarewa in dube shi. Ya ce, "Madalla, ba kuskure," ya ci gaba da naɗa tef a bakin famfo. Shekara ɗaya da wata biyu ina cin madallar nan.

Abin da ya ƙarasa ni 'yar mai wanki ce, wadda muke kira Kurar Baya, don tun da aka sa ta makaranta ba ta taɓa yarda wani ya ƙwace mata na ƙarshe ba. Wata bakwai ta yi a kan huji na biyu. Sau biyu tana yar da sarewarta, sau ɗaya kuma aka kama ta tana hura kumfar sabulu da ita. Ran nan da la'asar ina kan benci ina cika minti talatin ɗina, Baba ya dawo daga aiki da jakarsa a kafaɗa, sai ya tsaya cak a bakin lungun da ake shanya. Can ciki Kurar Baya tana gadin kaya, ta kwanta a kan tulin zannuwa ta ɗaga ƙafa ɗaya sama, tana busa wani abu da ba waƙa ba ne, ba kuma kuka ba. Ya daɗe tsaye. Sannan ya ƙwala mata kira ya ce ta kawo, ya ce da ni, "Hedimasta, matsa in kunna risho." A kan idona, a kan bencin da na kusa lotsawa da zama, aka huda mata na shida.

Washegari na ɗauki sarewata na shiga shagon kafinta. Mutum ne mai son a ce ya iya, kuma ya daɗe yana ganin aikin ƙusa da wuta ƙauyanci ne alhali ga inji. Ya juya sarewar, ya zaro tef ɗin awo daga bayan kunne.

"Kin gani ko? Babanki ba ya awo. Wannan tazarar daban, wannan daban. Ido ba mudu ba ne, 'yata."

Ya auna, ya raba, ya ɗiga biro, ya kunna inji. Kafin in ƙifta ido ga huji na shida, kewayayye, mai tsabta, ya fi duk na Baba kyan gani. Na yi godiya har da rusunawa. Na fito lungu na busa, na ɗaga yatsa na shida, sai wata murya ta fito kamar ta akuya mai mura. Na sake, ta sake. Garin gyaran gira na tsone ido.

Ɓoyewa ba ta yiwu ba, don kunnen da ke jin ruwa a cikin bango ba zai kasa jin akuya a lungu ba. Baba ya miƙo hannu na ba shi. Ya duba hujin, ya busa sau ɗaya, ya leƙa wajen shagon kafinta. Ya ɗauko farin tef ɗin da yake naɗe bakin famfo da shi, ya naɗe hujin tsaf, ya sake busawa.

"Ta daina yoyo," ya ce, ya miƙo mini.

Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Borin kunya ya kama ni, na ce dama ni busa ba ta dame ni ba, wasan yara ne, ina da karatu a gabana. Ya ce, "To." Ya rataye ta a ƙusa a saman akwatin sifanu. Na bar ta a nan shekara ashirin da shida, kuma duk shigar da zan yi shagon sai na yi kamar ban gan ta ba.

Na girma na samu aiki a ofishin shirya jarrabawa, inda komai yake da maki, kuma in mutum ya ci ana gaya masa a rubuce. Na yi aure, na dawo da zama a layin bayan namu. Baba ya ci gaba da abinsa. Yaran da ya huda wa suka zama manya, wasu suka wuce shi nesa, har akwai wanda yake koyar da kiɗa a wata makaranta, in ya zo gaisuwa Baba ya ce ya busa masa ya ji ko bai lalace ba. Yawancinsu kuwa ba su zama komai a busa ba. Akwai mai sayar da taya, akwai ma'aikaciyar jinya, Kurar Baya ta gaji shagon wankin ubanta. Sai dai har yau in ka wuce lungun shanya wani lokaci za ka ji ta.

Da autata ta kai shekara tara ta karɓi tata sarewar daga kakanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: a ranar na buga jadawali a ofis na manna a jikin firij, da gurbin da za a riƙa sa alama. Auta ta kai huji biyar cikin wata shida. Ta kuma kai matsayin da in ta ji na ce "ɗauko sarewa" sai cikinta ya fara ciwo.

A shekarar ne hannun Baba ya fara rawa. Da fari shayi ne yake zuba a gefen kofi, muka ce tsufa. Daga baya sifana ta fara ƙwace masa. Likita ya ce abin ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ranar da jar ƙusa ta suɓuce daga filaya ta faɗa masa a ƙafa, Inna ta sauko ta ɗauke rishon ta tura ƙarƙashin gado, ƙanena kuma ya ce a ƙarshen wata mai zuwa za a kwashe kayan shagon a huta. Na yi lissafi irin nawa: saura mako bakwai, Auta kuma saura huji ɗaya. Na mayar da minti talatin ya zama awa ɗaya, na riƙa kai ta da kaina ina zaunar da ita a bencin nan. Ta busa tana hawaye. Baba ya ce, "Madalla, ba kuskure." Na ji kamar in fasa ihu.

Sai aka tura ni wani gari aikin jarrabawa na kwana tara. Na bar wa mijina umarni a rubuce, shi kuma ya bi shi yadda maza suke bin umarni a rubuce. Na dawo na tarar da jadawali fes, ba alama ko ɗaya. Ina shirin buɗe baki sai Auta ta ɗago mini sarewar. Huji shida. Na ƙarshen ya ɗan karkace, gefensa ya yi baƙi.

"Yaushe? Me kika busa masa?"

"Ni ban busa masa komai ba, Mama. Ina zaune a matakala ina yi wa kyanwa, in na yi sama sai ta motsa kunne. Kawai Kaka ya ce in kawo."

Ya kamata in yi murna, kuma na yi, na kusan minti ɗaya. Bayan nan kishi ne ya turnuƙe ni, kishin yarinya 'yar shekara tara wadda ni na haife ta. Na saka mayafi na tafi wajen Inna, na same ta tana juye robar ƙarƙashin famfo.

"Inna, ba ke kika ɓoye rishon ba?"

"Ni na ɓoye, ni na fito da shi. Sai aka yi yaya?"

"Yarinyar nan kwana tara ba ta yi atisaye ba."

"Kwana tara ba ta ajiye sarewar ba, dai. Har a bayi sai da aka ƙwace." Ta dube ni sama da ƙasa. "Wai ke da gaske har yanzu ba ki gane ba? Duk layin nan ke kaɗai ce ba ki sani ba, har kyanwar ta sani. Na shida ba ya ba wanda ya zo ya busa masa. Sai ya ji mutum yana busa wa kansa, ba a sa shi ba, bai kuma san ana jinsa ba."

Na zauna a bakin kujera. "Shekara ashirin da shida, ba wanda zai gaya mini?"

"Da an gaya miki da kin sa shi a jadawali."

Na ji haushin maganar nan ƙwarai, amma kuma abin da ta faɗa shi na yi. Washegari na shiga shago lokacin da Baba ya hau sama, na sauko da sarewata daga ƙusa. Tef ɗin ya koma ruwan ɗorawa amma bai saki ba. Na lura da lokacin da yake fitowa ya zauna a benci, na samu wuri a matakalar bene inda iska za ta kai masa, na jingina da bango, na karkatar da kai kamar wadda duniya ta yi wa daɗi, na fara busa. Mace mai shekara talatin da bakwai, da jakar ofis a gefe. Na yi ranar farko, na yi ta biyu. A ta uku ina tsakiyar waƙa ta biyu sai na ji muryarsa daga ƙasa.

"Hedimasta, wai kullum ƙarfe biyar daidai kike mantawa da kanki?"

Na sauko fuskata kamar ta faɗi don kunya. Yana zaune ya danne hannun dama da na hagu a kan gwiwa, yadda ya koma yi in akwai mutane. Ban yi niyyar faɗa ba, ta fito da kanta.

"Baba, hannun nan ba jira zai yi ba."

Ya dubi hannun kamar na wani. "Ni ma ba ya jira na. Amma in na huda miki yau, me ya raba ni da kafinta?"

Na shiga na mayar da ita ƙusarta. A raina na ce shi ke nan, a bar kaza cikin gashinta. Wanda ya san ana sauraronsa ba zai koma bai sani ba, ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa yin abu ba tare da na waiga na ga wa yake kallo ba. Na yi baƙin ciki sosai, irin wanda ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ƙanena ya ɗauki Baba da safe zuwa asibiti, ni aka bar wa kwashe shago, tunda an san ni da jera abu. Na fitar da benci, da akwatin sifanu, da risho, na tara su a bakin ƙofa. Na share. Kafin hantsi ya yi zafi ba abin da ya rage sai bokitin guntaye, da famfon kusurwa da yake ɗiga a cikin gwangwani, don shi ma na gidan mai famfo ne. Sai sarewar a ƙusa. Na cire ta zan jefa a bokiti, na ga ƙura ta cika bakin, na hura don ta fita.

Ɗakin da ba kaya ashe wata murya gare shi. Abin ya fito da faɗi, ya zagaya bango ya dawo. Na sake hurawa don in ji ko kunnena ne. Na matsa tsakiyar ɗaki, ya canja. Na koma kusurwa, ya sake canjawa. Famfo yana ɗiga, ɗis, ɗis, na ce bari in ga ko zan iya shiga tsakanin ɗigo biyu. Na shiga, na fita, na makara, na yi dariya ni kaɗai. Na kama ɗaya daga cikin waƙoƙin nan uku, ban ankara ba na faɗa ta biyu, na bar ta a haka tunda dama 'yan gida ɗaya ne. Na kwaikwayi hon ɗin direban bas. Na zauna daɓas a ƙasa da kayan aikina, na miƙe ƙafa, na yi ta yi. Kuskure kuwa na tafka shi ba adadi, kuma ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, ni da nake sanin minti nawa nake yi a wanka.

Warin kananzir ne ya tsayar da ni. Na waiga. Baba yana zaune a kan benci a bakin ƙofa, da katin asibiti a aljihun gaba, risho yana ci a gabansa. Ashe likitan bai zo ba, tun ɗazu aka sauke shi. A ƙasa kusa da ƙafarsa akwai tsinken ashana har shida da suka karye kafin ɗaya ya kama.

"Kawo," ya ce.

Na kawo. Ya bi jikin bututun da babban yatsa, ya wuce tef ɗin kafinta kaɗan, ya tsaya. Ya juyo mini da wurin. Wani ɗan karce ne siriri, wanda ban taɓa lura da shi ba.

"Tun ranar da na huda na biyar na yi alamar," ya ce. "Ban ɗauka za ta jira haka ba. Shekara ashirin da bakwai a kan huji ɗaya, Hedimasta. Ko masu gyaran titi sun fi ki sauri."

Ya kama ƙusa da filaya ya kara a wuta. Ta yi ja. Ya ɗago, ya nufi alamar, bakin ƙusar yana ta yawo a iska, ya kasa sauka wuri ɗaya, har ta huce. Ya mayar wuta. Karo na biyu ta goga gefe ta bar baƙin tabo. Ya tsaya yana kallon hannun, ni kuma ina kallon ƙasa, don ban taɓa ganin abin da ya gagare shi a shagon nan ba sai famfonsa.

"To me kike jira?" ya ce. "Riƙe mini shi."

Na durƙusa na danne sarewar da gwiwa a kan benci, na kama wuyan hannunsa da hannuwana biyu. Ina jin rawar tana ratsa ni har kafaɗa. Ya ce hagu kaɗan, na yi hagu. Ya ce nan. Ƙusar ta shige, hayaƙi ya tashi, warin nan da na sani tun ina yarinya ya cika mini hanci. Hujin ya fito a karkace, ya fi na Auta muni. Ya kankare gefen da farce, ya hura, ya miƙo mini.

Na ɗora yatsu na busa, na ɗaga na shida. Muryar ta fito daidai, sai dai tana rawa, kuma wannan karon ba laifin hannun kowa ba ne, numfashina ne ya ƙi tsayawa. Na sauke sarewar na dube shi, ina jira.

Ya sunkuya ya kashe risho, ya cusa hannun a aljihu.

"Me kike kallona?" ya ce. "Ni na gama nawa. Busa abinki."